Shugabanci a Tsakar Gida Ake Koyonsa

 

'Ya'yana da jikokina na ƙasar Haɗejia, maza da mata, tun daga Auyo har Guri, daga Kafin Hausa har Birniwa, ku matso kusa ku ba ni hankalinku. Ina jin ku a majalisu da tashoshin mota, ina jin ku a rediyo, kuna kuka da shugabanni: an ci amana, an yi alkawari an saɓa, wanda aka zaɓa jiya yau ba ya amsa sallama. Kukanku yana kan hanya, ban kuwa zo in hana ku ba. Tambaya ɗaya nake so ku riƙe. Kansilan nan, da ciyaman ɗin nan, da shugaban ƙungiyar manoman nan, a ina suka fara sanin abin da ake nufi da zama babba? Babu wanda ya faɗo daga sama a cikinsu. Kowanne akwai tsakar gidan da ya yi rarrafe, akwai uban da ya ga yana yanke magana, akwai uwar da ya ga tana rabon tuwo. Kafin ya san gwamna ya san maigida, kuma abin da ya gani a wurin maigida shi ya ɗauka cewa haka ake mulki.

Yawancinku ba ku riski gandu da ƙarfinsa ba, don haka bari in faɗa muku yadda yake a da. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa, har masu aure, gona ɗaya suke nomawa tun hantsi bai ɗaga ba har azahar. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Wanda ya hango daga nesa sai ya ce maigida ya more, ga ma'aikata ba lada. Amma ku dubi abin da ke wuyansa. Shi ke fitar da iri da kayan aiki. Shi ke biyan harajin kowane baligi a gidan. Shi ke cika rumbu, shi ke ciyar da kowa har kaka ta zagayo. In saurayi ya isa aure shi ke yi masa, in an haihu shi ke nemo ragon suna. Ran da ya fara sayar da hatsin gandu yana ƙara aure alhali ɗansa na zaune ba mata, ran nan gandu ya kama hanyar watsewa, babu kuwa alƙalin da zai iya ɗaure shi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba, ya san biyayya tana da farashi, kuma na sama shi ke fara biya.

Na ga wannan da idona a gidan da na tashi. In damina ta yi nisa, marka ta kankama, sabon gero bai nuna ba, tsohon kuma ya yi ƙasa a rumbu, mahaifinmu kan shiga da kansa ya ƙirga dammunan da suka rage. Sai ya kira iyayenmu mata ya faɗa musu gaskiyar abin da ke akwai, ba ragi ba ƙari. In za a rage awo, daga akushinsa ake farawa. Da dare kuma sai in zauna kusa da murhu ina kallon mahaifiyarmu da mara a hannu tana kwasar tuwo. Na baƙo ne farko in akwai baƙo, sai na tsofaffi, sai na maigida, sai namu, sai kwanon almajirin da ke tsaye a zaure. Malmalar da za ta sa wa ɗan kishiyarta ita ce za ta sa mini, in ma da bambanci to nasa ya fi. In ta gama, sau da yawa ƙanzo ne rabonta, ta jiƙa shi da sauran miya ta ci tana hira kamar ba komai. Daga baya na zauna da masu muƙami iri-iri, kuma duk wanda na gani a kan kujera, da wannan ma'aunin nake auna shi: in abu ya yi kaɗan, kwanon wa yake fara ragewa?

Akwai kuma ɗaya gefen, kada mu rufe ido a kansa. Akwai gidan da maigida in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya nemi maɓoya. Ba a shawara da uwargida, ba a sauraron yaro, laifi kaɗan sai bulala. Yaron gidan nan in ya girma ya samu ofis, ba ya jin ya zama shugaba sai ya ga ana rawar jiki a gabansa. Akwai gidan da aka fifita ɗaki ɗaya a kan ɗaya, 'ya'yan mowa su sha nama, na bora su sha romo. Wanda ya tashi a nan, ko a ɗakin mowa ko a na bora, darasi ɗaya ya ɗauka: mai iko nasa yake yi wa, saura su yi haƙuri. Akwai kuma uban da aka damƙa wa takin zamani ya raba wa manoman unguwa, sai ya sa ɗansa ya taya shi shigar da buhu biyar ɗaki cikin dare. Gobe in yaron nan ya riƙe baitulmali, da wane baki uban zai yi masa faɗa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu mutanen fadama Allah ya ba mu wani malami da ba kowa ke da shi ba, wato kogin nan namu. Ruwan da ke ratsa Haɗejia daga ƙasar Kano yake tasowa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka sauya. Da can ruwa kan zo da damina ya malale fadama, ya janye da rani ya bar danshi da kifi da ciyawa, manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Yanzu ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a wajejen Guri da Kirikasamma, wasu gonakin ruwa ya kwanta a kansu ya ƙi tashi, wasu kuma ya daina isa gare su. Abin da aka yanke a can sama, mutumin da ke can ƙasa shi ke kwana da shi. To haka shugaba yake, mutum ne da aka zaunar a kan ruwa ta sama. In ya buɗe da adalci kowa ya sha, in ya tare don gonarsa kaɗai na ƙasa ya bushe, in ya sake shi ba lissafi ya cinye gidajen mutane.

Wannan darasin ma a gida ake fara ɗaukarsa. Ku je wurin noman rani a Auyo ku gani. Manomin da gonarsa ke bakin magudana yana da iko a kan waɗanda ke bayansa. Wani in ranar ban ruwansa ta wuce sai ya buɗe wa maƙwabci, ko da shinkafarsa ba ta ƙoshi yadda yake so ba. Wani kuwa sai dare ya raba ya ɗauki fitila da ɗansa, su je su toshe hanya su karkato ruwan gonarsu. Dukansu biyu suna koyar da shugabanci, kuma ɗaliban ba sa mantuwa.

Haka kuma lokacin ambaliya. Waɗanda suka ga ta 2020 da ta 2022 sun san yadda garuruwanmu suka kwana a kan jinga, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa don kada ruwa ya shigo gari. A irin wannan dare ake gane manya. Na ga dattijo da furfura ya naɗe wando, ruwa har gwiwa, yana karɓar buhu yana miƙawa, bai ɗaga murya ga kowa ba, amma babu saurayin da ya iya zama alhali yana tsaye. Mata kuma na can gida suna dama kunu ana kai wa masu aiki. Yaron da ya ga ubansa a cikin ruwan nan, ya ga uwarsa ta hana idonta barci don mutanen da ba ta sani ba, an riga an rubuta masa ma'anar shugabanci a zuciya. In an kira aikin gayya na yankan kachala, ba sai an roƙe shi ba.

Tarihin masarautarmu ma labarin gida ɗaya ne. Umaru da Sambo 'ya'yan Arɗo Abdure ne, a gidan jagoran makiyaya suka tashi, inda babba shi ke neman makiyaya da mashaya, shi ke shiga tsakani in dabba ta yi ɓarna. Umaru ya fara riƙe tutar jihadi a wannan ƙasa, Sambo ya hau a 1808, ya dawo da mazaunin mulki daga Rinde zuwa cikin birnin Haɗejia. Ya yi shekaru fiye da talatin yana mulki, da tsufa ya kama shi a 1845 ya sauka da ransa ya ba ɗansa Garko. 'Ya'yan Sambo biyar suka yi sarauta: Garko, da Abdulƙadir, da Buhari, da Ahmadu, da Haru. Uba ɗaya, zaure ɗaya, amma kowa da abin da ya ɗauka. Buhari ya ɗauki jarunta da ƙin sunkuyawa, har ya ja da Sakkwato. Aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu a 1850, Buhari ya dawo da ƙarfi a 1851 ya karɓe gari, Ahmadu ya rasa ransa a rigimar. Buhari ya ci gaba da yaƙe-yaƙe har ya rasu a yaƙin Gogaram a 1863. Har gobe ana faɗin jaruntarsa, kuma ta cancanci a faɗa. Amma mai hankali in ya ji labarin yakan kuma tuna cewa 'yan'uwa ne na jini suka fuskanci juna da makami, talakawan ƙasa da na maƙwabta kuma suka ɗanɗana kuɗarsu.

Haru ɗan Sambo ya hau a 1865, ya yi shekara ashirin. Ɗansa Muhammadu shi ne sarki lokacin da Turawa suka zo da bindigoginsu a watan Afrilu na 1906. Ya ƙi miƙa wuya, ya tsaya a garinsa har aka kashe shi tare da wasu 'ya'yansa da manyan fadawansa, shi ya sa muke kiransa Mai Shahada. Ku lura da wannan: taurin zuciyar gidan Sambo ne ya bayyana a wurin Buhari, shi ne kuma ya bayyana a wurin Muhammadu. A hannun ɗaya ya taɓa ɗan'uwa, a hannun ɗaya ya tsaya a gaban mamaya. Gida yakan ba ka hali, amma inda za ka nufa da shi, wannan kai za a tambaya. Gidan nan kuwa shi ke riƙe da sarauta har yau, daga Sarki Haruna Abdulƙadir da ya hau a 1950, zuwa ɗansa Abubakar Maje a 1984, zuwa jikansa Mai Martaba Adamu Abubakar Maje tun 2002. Allah ya ƙara masa lafiya da adalci.

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa: Baba, ni fa ban tashi na ga abin koyi a wurin mahaifina ba. Wani maraya ne, wani uban na raye amma gara babu, wani tun yana ƙarami aka kai shi almajiranci. Ɗana, kada wannan ya karya maka gwiwa. Gida a wurinmu ya fi ɗaki ɗaya faɗi. Akwai baffa da kawu, akwai goggo da inna, akwai kaka, akwai malamin da ya riƙe ka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, bayan karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, wani ɗan'uwan iyayensa ne, Usmanu Binduri, ya lizimta kusan shekara biyu yana koyi da halinsa na tsoron Allah da umarni da kyakkyawa, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari. Shehu ya duba cikin danginsa ya zaɓi wanda zai bi. Daga gidansa kuma aka samu Muhammadu Bello da Nana Asma'u, wadda ta tsara mata malamai da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, aikin da ya ci gaba bayan rasuwarta a 1864. Malam Aminu Kano, wanda talakawan Arewa ba su manta da shi ba, a hannun mahaifiyarsa da kakarsa ya fara karatu. Ku nemi mutumin kirki a danginku ku manne masa. In kuka duba da kyau za ku same shi, sau da yawa ma ba shi ne mai kuɗin dangin ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonku. Na farko, ku tace gadonku. Girmama iyaye wajibi ne, amma girmamawa ba ta ce ka kwafi kuskurensu ba. Ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka: yadda nake yi wa ƙannena tsawa, daga ina na samo shi? Yadda ba na iya cewa na yi kuskure, wa na gani yana haka? Abin da ka samu mai kyau ka riƙe shi da hannu biyu, ka yi wa wanda ya koya maka addu'a. Abin da ka samu marar kyau ka nema wa mai shi gafara, ka ajiye shi a nan, kada ya ƙetare ta kanka zuwa ga 'ya'yanka. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ana faɗin haka ne in ɗan mutumin kirki ya lalace. To ɗan wanda ya kauce ma yana iya gyaruwa, kuma wannan babban jihadi ne.

Na biyu, ku sani an riga an fara kallonku. Kada ka ce sai na yi aure, ko sai na samu muƙami. Kai da ake aika ka kasuwar kifi da kuɗin gida, ƙanenka na ganin ko kana dawo da canji. Kai da ke da babur, yana ganin ko kana tsayawa ka ɗauki tsohon da ke tafiya a ƙasa. Ke 'yar fari da ke goyon ƙannenki, kina raba musu ƙosai da safe, ke ce hukuma ta farko da suka sani. In kin yi adalci sun san akwai adalci a duniya, in kin yi son kai sun ɗauka haka rayuwa take. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwatanta shugaban al'umma da magidanci da matar gida da makiyayi, ya nuna kowanne za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Shi kansa, da girmansa, Nana A'isha ta ba da labarin yana taya iyalinsa aikin gida. Wanda ya fi kowa daraja bai ga ƙasƙanci a hidima ba, balle ni da ku.

Na uku, wannan kuwa ku riƙe shi da kyau, domin nan ne muka fi yin ɓarna ba mu sani ba. In Allah ya ɗaga ɗan gidanku ya ba shi muƙami, kada ku zama ku ne masu tura shi rami. Mun sha gani: ran da aka rantsar da mutum, dangi sun cika zaure, kowa da takardar buƙatarsa. Wannan na son kwangila, wannan na son a ɗauki ɗansa aiki ba jarrabawa, wannan na son kujerar Makka. In ya ce albashinsa ba zai ɗauka ba, sai a ce ya yi rowa, ya manta da asalinsa, ba ya taimakon nasa. In ya sauka bai gina katafaren gida ba, sai a ce wawa ne, damarsa ta zo ya yi barci. Da bakinmu muke zagin ɓarawon gwamnati, da bakinmu kuma muke zagin ɗanmu in ya ƙi sata. Yaran gida suna zaune suna ji, suna kuma yanke hukunci a ransu game da abin da za su yi in tasu ta zo. Ku zama dangin da ke cewa: je ka yi gaskiya, mu tuwon da muke ci jiya ya ishe mu yau. Uwar da ta tambayi ɗanta inda ya samo kuɗin motar da ya kawo mata, ta yi wa ƙasa aikin da hukumar yaƙi da cin hanci ba za ta iya ba.

Na huɗu, ku koyi shawara tun a ɗaki. Saurayin da zai yi aure, ka sa a ranka cewa matarka abokiyar shawara ce, kuma 'ya'yanka za su koyi yadda ake sauraron na ƙasa daga yadda kake sauraronta. In ka yi wa yaro hukunci daga baya ka gane ba shi da laifi, kira shi ka ba shi haƙuri. Girmanka ba zai ragu ba, shi kuma ka koya masa cewa babba na iya komawa kan gaskiya. An ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Wanda bai iya haɗiye maganar ƙanensa ba, yaya zai iya da ta jama'ar ƙaramar hukuma guda?

'Ya'yana, Jihar Jigawa a 1991 aka ƙirƙire ta, da yawanku kun girme ta ko ku sa'anninta ne. Waɗanda za su riƙe ta nan da shekara talatin, da waɗanda za su zama bulamai da sarakunan ruwa da limamai da shugabannin makarantu a ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan, yanzu haka suna tsakar gidajenku, wasu a bayanku kuke goye da su. Ba ku da iko a kan madatsar Tiga, ba ku da iko a kan abin da ake yankewa a Dutse ko Abuja sai ɗan abin da ƙuri'a ta ba ku. Amma kuna da cikakken iko a kan abin da yaron gidanku zai gani gobe da safe. Ku fara daga nan, ku kuma dage, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rene mu, ya yafe musu kurakuransu, ya saka musu da Aljanna. Allah ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, ya ba talakawa gaskiya da haƙuri. Allah ya kiyaye ƙasar Haɗejia daga ambaliya da fari da fitina, ya sa albarka a gonakinmu da kogunanmu da garkunanmu. Ku kuma Allah ya yi muku albarka, ya sa ku fi mu, ya ba ku masu yi muku biyayya kamar yadda kuka yi wa na gaba da ku. Amin summa amin.